Yadda zaka kwashe katunan karatunka zuwa waya ba tare da bitar da ka sha wahala a kanta ta salwanta ba

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutun. Tana karatun likita, tun tana aji ɗaya take tara katunan Anki, wato manhajar nan ta bitar karatu da katunan tambaya da amsa, a laftof ɗinta, na ƙashi da jijiya da sunayen magunguna, sun kai wajen 4,000, sai batirin laftof ɗin ya mutu murus, in ba a jone yake da wuta ba ko minti biyu baya yi, kuma kun dai san yadda wutar ɗakin kwanan ɗalibai take. Ta kira ni da daddare wai Yaya dan Allah ya zanyi in maida su waya, ga jarabawa saura sati uku. Nace mata kar ki danna komai tukunna sai na zo, domin ni na taɓa dannawa da gaggawa na ga abin da ya biyo baya.

Abin da mutane da yawa basu gane ba shine kowane kati abu biyu ne a haɗe. Akwai abin da ke rubuce a jikinsa, tambaya a gaba amsa a baya, wani da hoto wani da sauti. Sannan akwai tarihinsa, wato sau nawa ka ganshi, sau nawa ka faɗi, da ranar da ya kamata ya sake dawo maka. Na farkon kwashe shi ba wani aiki bane, ko yaro zai iya. Na biyun shine dukiyar. Duk wanda yayi hadda ya san maganar, ba sabon karatu ne ke wahala ba muraja'a ce, kuma malamin kirki ya san wane hizifi ne ya zauna maka daram wane ne yake ta zamewa, to haka Anki yake riƙe da lissafin kowane kati ɗaya bayan ɗaya. Tsohon tsarin lissafinsa daga SM-2 aka samo shi, wanda wani ɗan ƙasar Poland mai suna Piotr Woźniak ya tsara a 1987, sai a 2023 aka shigo da sabon tsari mai suna FSRS, kuma shi wannan sabon ma tarihin bitarka yake karantawa ya gane yadda kai ɗinnan kake mantuwa. Toh kaga in ka kwashe katuna ka bar tarihi a baya, tamkar ka canza makaranta ne sabon malam yace a koma Fatiha.

Fara da tabbatar da cewa manhajar da ka sauke itace ta gaske

Nan ma ana faɗawa rami sosai. In ka rubuta Anki a Play Store ko App Store zakaga manhajoji rututu masu ɗauke da sunan, wasunsu ba abin da ya haɗa su da Anki na asali sai suna, basa sinkin da shi, wato basa iya daidaita katunanka da nasa ta intanet, wasu kuma kuɗin wata-wata zasu nema. Anki na asali wani ɗan Ostireliya ne Damien Elmes ya fito da shi a 2006, sunan kuma Japananci ne, ma'anarsa haddacewa. A wayar Android sunan manhajar AnkiDroid, kyauta ce ba ko sisi, 'yan sa kai ne ke kula da ita. A iPhone sunanta AnkiMobile, ita kam ta kuɗi ce, dala 24.99 biya ɗaya ba na wata-wata ba, wanda in ka juya shi zuwa naira a yanzu ba ƙaramin abu bane ga ɗalibi, gaskiya. Mai iPhone da aljihunsa bai kai ba zai iya buɗe shafin AnkiWeb, wato shafin Anki na intanet, a burauza yayi bitarsa kyauta, sai dai dole da data a kunne, kuma ba'a iya loda fayil ɗin katuna kai tsaye ta can, sai an bi ta kwamfuta.

Ajiya tukunna, kafin komai

Kafin ka taɓa waya, buɗe Anki a kwamfuta ka shiga File ka danna Export, a jerin da zai fito ka zaɓi Anki Collection Package, ka tabbata akwatin Include media yana da alama, ka adana. Zai baka fayil ɗaya mai ƙarewa da .colpkg, a cikinsa akwai komai da komai naka, katuna, tarihi, hotuna, saituna. Ka kwafe shi ka zuba a filash ko wani wuri daban da laftof ɗin. Eh na sani Anki yana yin ajiya da kansa lokaci-lokaci, amma waccan ajiyar ta atomatik babu hotuna da sauti a ciki, kuma a cikin laftof ɗin take zaune, in shi ya tafi ta tafi. Minti biyar ne kawai aikin, kar kaji ƙyuya.

Hanya ta farko: sinkin ta AnkiWeb

Wannan itace nake ba kowa shawara in dai akwai data ko waifai ko da na yini ɗaya ne, saboda ita kaɗai ce zata sa waya da kwamfuta su riƙa tafiya tare. Ka je AnkiWeb ka buɗe akawun da imel da kalmar sirri, kyauta ne, ka tabbatar da imel ɗin. Ka dawo Anki na kwamfuta ka danna Sync a sama, ka saka imel da kalmar sirrin. Tunda akawun ɗin sabo ne ba komai a ciki, zai ce zai ɗora naka zuwa can, Upload to AnkiWeb, ka yarda. Rubutun katunan zai tafi nan da nan, amma hotuna da sauti su daban suke bi a baya a hankali, sai ka ga kamar an gama alhali ba'a gama ba. Ka sake danna Sync zai nuna maka inda aka kwana, kuma kar ka rufe laftof sai yace ya kammala.

Yanzu ka ɗauki waya, ka buɗe AnkiDroid, KAR ka ƙirƙiri kati ko ɗaya don gwaji, kai tsaye ka danna alamar sinkin a sama ka shiga da wannan akawun ɗin. In wayar fanko ce zata sauko da komai ba tare da wata doguwar tambaya ba. In kuwa akwai wani abu a ciki, ko kati biyu ne, zai ce maka abubuwan biyu basa haɗuwa, wanne za'a riƙe, na waya ko na AnkiWeb. Yadda ake rubuta tambayar ya ɗan bambanta daga wata fitowa zuwa wata amma ma'anar ɗaya ce, wanda ka zaɓa zai danne ɗayan ya shafe shi tas, ba haɗawa zai yi ba. A waya, a wannan karon na farko, na AnkiWeb zaka riƙe, wato saukowa.

Bari in faɗi nawa abin kunyar. Lokacin da na sauke manhajar zumuɗi yasa na rubuta katuna biyu na gwaji, ɗaya ma tambayar babban birnin Nijar ce amsa Yamai, don dai in ga yadda take juyawa. Da tambayar nan ta fito ban tsaya karantawa ba na danna na waya, shikenan katuna biyun nan suka hau suka danne na shekara biyu da na ɗora. Har nan da sauƙi, domin na laftof suna nan lafiya, da na koma can na zaɓi ɗorawa da magana ta ƙare. Amma ina, kaina ya ɗau zafi, laftof ya min tambaya na danna Download, na buɗe ido na ga Yamai tana kallona ita da 'yar uwarta. Wallahi sai da na tashi na zagaya ɗaki. Abin da ya cece ni shine ajiyar atomatik ɗin nan, File, sai Switch Profile, sai Open Backup, na ɗauki ta kafin ɓarnar na dawo da ita, sannan na ɗora daga laftof na sauke a waya. Ba laifin kowa bane, a rubuce yake ɓaro-ɓaro a gabana ban karanta ba. Don haka duk sanda wannan tambayar ta fito maka, ka cire hannu daga sikirin, ka tambayi kanka wane ɓangare ne yake da cikakken abu na ƙarshe, shi za'a riƙe.

Maganar data kuma, rubutu baya cin komai, hotuna da sauti ne ke lashe ta, musamman irin manyan dek, wato rukunin katuna, na 'yan likitanci ko na koyon harshe masu murya a kowane kati. In akwai waifai a makaranta ko wurin aiki ka yi saukon farko a can, in babu ka jira datar dare ka jona waya a caji ka barta a buɗe. A saitin AnkiDroid ɓangaren Sync akwai wurin da zaka ce kar ya sauke hotuna sai a kan waifai. Bayan wannan saukon na farko sauran ƙananan canje-canje ne kawai ke tafiya, kuma karatun kansa baya buƙatar intanet sam, a cikin adaidaita ko a layin banki ko an ɗauke wuta duk zaka yi abinka. In ka buɗe kati ka ga gurbin hoto fanko kar hankalinka ya tashi, galibi saukon ne bai ƙare ba, sake danna sinkin ka bashi lokaci.

Sai ɗabi'a ɗaya da zaka koya wa hannunka, in zaka fara karatu a na'ura ka danna sinkin, in ka gama ka sake dannawa. Bita ta yau da kullum yana iya haɗa ta waya da ta kwamfuta ba rigima. Inda rigimar take shine in ka taɓa ginin katin kansa, misali ka ƙara wani sabon gurbi ko ka cire wani, nan zai gargaɗe ka cewa sinkin na gaba na gefe ɗaya ne, wato waccan tambayar zata dawo. Kafin kayi irin wannan gyaran ka fara sinkin ɗin waya, sannan na kwamfuta, sannan kayi gyaran ka ɗora, ka sauke a waya. Agogon waya ma ya zama daidai, in ya kauce da sama da minti 5 zai ƙi yi, kuma laftof mai mataccen batiri sau da yawa agogonsa na rikicewa, irin na ƙanwata sai da muka gyara shi kafin ya yarda. Sannan AnkiWeb ba rumbun ajiya bane na har abada, in akawun ya yi wata 6 ba'a taɓa shi ba suna iya goge abin da ke ciki, na cikin wayarka dai yana nan.

Hanya ta biyu: da fayil, ba intanet

In data ta gagara ko dek ɗaya kawai kake so a waya, akwai wannan. A kwamfuta kusa da sunan kowane dek akwai 'yar alamar saiti, danna ta ka zaɓi Export, ka bar shi a kan Anki Deck Package. Ga wurin da ake asarar tarihi nan, akwatin da aka rubuta Include scheduling information, in babu alama a kansa katunan zasu isa waya a matsayin sababbi fil kamar baka taɓa ganinsu ba. Ka sa masa alama, ka sa wa Include media ma. Akwai kuma wani na Support older Anki versions, in manhajar wayarka tsohuwa ce ko ta ƙi buɗe fayil ɗin sai ka sake fitarwa da wannan, fayil ɗin zai ɗan fi girma amma zai buɗu. Abin da zaka samu fayil ne mai ƙarewa da .apkg.

Tura shi waya ta duk yadda ka saba, kebul, Xender, Bluetooth in ƙarami ne, ko ka tura wa kanka a WhatsApp a matsayin dokumen. A waya ko dai ka danna fayil ɗin ka zaɓi AnkiDroid ya buɗe, ko ka shiga manhajar ka danna ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi Import ka nemo shi a folda. A sababbin fitowa kafin ya shigar zai nuna maka wani shafi mai 'yan maɓallai, akwai Import any learning progress, ka kunna shi, in ba haka ba tarihin da ka ɗauko da kyar a bakin ƙofa za'a ajiye shi.

Bambancin fayilolin biyu ka riƙe shi da kyau. Shi .apkg baƙo ne mai ladabi, yana shigowa ya zauna kusa da abin da ya tarar. Shi kuwa .colpkg in ya shigo sai ya kori kowa ya maye gurbin, to in wayar fanko ce kuma komai kake so ka kwaso lokaci ɗaya shi yafi sauƙi, amma in akwai katuna a wayar da baka da su a wani wuri kar ka kuskura. Kuma in abokin karatu ne ya roƙe ka dek, cire alamar scheduling ɗin kafin ka bashi, tarihinka ba zai amfane shi ba, katin da kai ka haddace aka tura shi wata shida gaba shi bai ma taɓa gani ba.

Aibin wannan hanyar shine tafiya ce ba dawowa, abin da ka karanta a waya laftof bai sani ba. Ni a ganina in ka bi ta nan kawai ka yanke shawara waya ce gidan karatu daga yau, kar ka riƙa yi nan da can.

Hanya ta uku: in katunan ba a Anki suke ba

Wasu nasu a Quizlet yake, wata manhajar katunan karatu ce daban, wasu a Excel ko Google Sheets suka jera tambaya da amsa. Nan gaskiya ɗaya ce, rubutu kawai zaka kwaso, tarihi ba zai biyo ka ba, sai haƙuri. A Quizlet sai ta burauza ake fitarwa ba ta manhajar waya ba, kuma katunan da kai ka ƙirƙira da kanka, ka buɗe su ka danna ɗigo uku ka zaɓi Export, zai tambaye ka me za'a sa tsakanin tambaya da amsa, me kuma za'a sa tsakanin kati da kati. Na farko ka zaɓi Tab, wato tazarar da maɓallin Tab ke bari, na biyu New line, ka kwafe rubutun ka manna a Notepad ka adana. Hotuna basa fitowa ta nan.

Me yasa nace Tab ba waƙafi ba? Saboda amsoshinmu cike suke da waƙafi. Kati yace kawo jihohi uku da suka yi iyaka da Kano, amsa Katsina, Jigawa, Kaduna, in waƙafi ne mai rabawa kuma aka yi rashin sa'a sai Anki ya ɗauka gurbi huɗu ne, bayan katin ya fito da Katsina kaɗai sauran su bi iska. Tab kuwa ba mai rubuta shi a tsakiyar amsa. A Google Sheets ma akwai shi, File, Download, ka ɗauki na .tsv.

Sai babbar matsalarmu mu masu Hausa da Larabci, wadda masu katunan Turanci zalla basu ma san da ita ba. Fayil ɗin dole ya zama UTF-8, wato tsarin adana rubutu da ke gane haruffanmu da na Larabci. In a Excel kake kuma kayi kuskuren adanawa a tsarin CSV na gargajiya, haruffan nan masu lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ duk sai su koma alamar tambaya, ƙasa ta zama ?asa, ɗalibi ya zama ?alibi, Larabci kuwa layi guda na alamun tambaya zaka gani reras, kuma in an riga an adana a haka ba gyara sai ka koma asalin fayil ɗin. A wurin Save As ka nemo wanda aka rubuta CSV UTF-8, shine naka. A Notepad ma akwai wurin zaɓen a ƙasa kusa da maɓallin adanawa. Google Sheets shi dama da UTF-8 yake fitarwa, shi yasa na fi son bi ta can. Excel yana da wani halin kuma na shisshigi, ka rubuta 1/2 ya maida maka kwanan wata, ka rubuta kalma mai farawa da karan ɗori irin -itis da 'yan likitanci ke haddacewa ya ɗauka lissafi ne ya rubuta maka #NAME?, don haka ka zagaya da ido a jerin kafin ka fitar. In layin farko kanun ginshiƙai ne, Tambaya da Amsa, goge shi, in ba haka ba zai zama katinka na farko.

Shigarwa kuma, sabon AnkiDroid yana karɓar irin wannan fayil ɗin kai tsaye, amma in da hali kayi a kwamfuta, ka fi ganin komai a fili. File, Import, ka zaɓi fayil. Zai nuna maka samfurin layukan farko, ka duba ko ya raba su daidai, in ka ga tambaya da amsa sun cushe a gurbi ɗaya to mai rabawar ne bai gane ba sai ka canza masa. Ka zaɓi dek ɗin da zasu shiga, in kana son ƙaramin dek a ƙarƙashin babba ana rubuta sunan da ɗigo biyu-biyu ne a tsakani, kamar Larabci::Nahawu. Ka zaɓi irin katin, Basic gaba da baya ne kawai, shi kuwa Basic and reversed card kowane layi kati biyu zai haifa, wato layi 500 ya zama kati 1,000, yana da kyau ga kalmomin harshe amma ga doguwar amsa azaba ce. In amsarka tana da layi sama da ɗaya ka sa 
 <br> a inda kake son layin ya karye sannan ka kunna Allow HTML in fields.

Wani abu da ya taɓa cinye min katuna shiru ban sani ba, Anki da gurbin farko yake gane maimaici. Ɗauki kalmar fari, akwai fari na launi, akwai fari na rashin ruwan sama, akwai fari jam'in fara, ga kuma fari na farko kamar ɗan fari. In duk huɗun gabansu fari kawai aka rubuta yana iya ɗaukarsu abu ɗaya ne wasu su salwanta. Ko dai ka bambanta su tun a gaban katin, wanda ma shi yafi don kai kanka in katin ya fito ba zaka san wanne ake nufi ba, ko a wurin Existing notes ka zaɓi Duplicate ya shigar da kowa. In ya gama yana nuna rahoton nawa suka shiga nawa aka tsallake, karanta shi kar ka rufe da sauri.

Hotuna a wannan hanyar aikin hannu ne. Zaka kwafe su ka zuba a folda mai suna collection.media, a Windows ka rubuta %APPDATA%\Anki2 a saman taga zakaga foldar sunanka tana ciki, a zube ake sa su ba folda cikin folda ba, sannan a cikin rubutun katin ka kira sunan hoton kamar haka <img src="zuciya.jpg">, sauti kuma [sound:kalma.mp3]. A kwamfuta ake wannan, sababbin Android sun kulle foldar manhajoji ba kasafai zaka iya shiga ba. In hotunan basu wuce ashirin ba ni dai ina ganin ka buɗe katunan ɗaya-ɗaya ka manna kawai yafi sauƙi. Da ka gama sai ka bi hanya ta farko ko ta biyu ka kai su waya.

Bayan sun iso

Kar kace shikenan. Shiga Browse a kwamfuta ka ga adadin katunan, ka shiga Card browser a waya ka gwada, lambar ta zama ɗaya. A shafin farko lambobi masu launi ukun nan, shuɗi sababbi, ja waɗanda ake kan koyo, kore na bita, su ma su yi daidai da na kwamfuta, in ka ga dek ɗin da ka shekara kana yi ba kore ko ɗaya kwana da kwanaki sai shuɗi to tarihi bai zo ba, goge shi daga wayar ka sake fitarwa da alamar nan. Ka danna Check media zai faɗa maka hotunan da suka ɓace, ka danna Check database ma sau ɗaya. Ka buɗe katuna kamar goma masu hoto da masu tebur ka gani ko sun shiga sikirin, domin abin da ya zauna da kyau a faffaɗan laftof wani lokaci a waya sai kana ja gefe da gefe. Masu Larabci, in rubutun yana birkicewa wurin gyara akwai saitin juya gurbi ya fara daga dama a cikin Fields. Kuma 'yan ƙarin kayan nan da ake ɗora wa Anki na kwamfuta basa aiki a waya, katunan da suka ƙera galibi suna buɗuwa lafiya amma su kansu a can zasu tsaya.

Ga waɗanda suka kwaso daga Quizlet ko Excel kuma, duk katunan sababbi ne a idon Anki, kuma a saitinsa na asali 20 yake fitarwa a rana, kati 2,000 kwana 100 kenan. Nan ne shaiɗan ke raɗa maka ka maida shi 200 ka gama cikin kwana goma. Kar ka biye masa. Kowane sabon kati bashi ne da zai dawo gobe da jibi da sati mai zuwa, jagorar Anki kanta tana cewa mai ɗaukar sababbi 20 kullum ya sa ran bita wajen 200 a rana, to lissafa na mai 200. Abin da yafi shine waɗanda ka riga ka sani sarai ka zaɓe su a Browse ka danna Set Due Date ka rubuta misali 5-40, zai watsa su cikin waɗannan kwanakin a matsayin na bita ba sababbi ba, waɗanda ba'a kai ga darasinsu ba kuma ka dakatar da su da Suspend sai lokacinsu ya zo.

Wani ɗan abu da ke rikita masu karatun dare, ranar Anki da ƙarfe 4 na asuba take juyawa ba 12 na dare ba, to in kana bita ƙarfe biyu na dare har yanzu a jiya kake a lissafinsa. Ana iya canzawa a saiti, da azumi masu zama tun kafin sahur sukan ja shi baya kaɗan don katunan ranar su fito musu a lokacin.

Na kusa mantawa, AnkiDroid ɗin Play Store a cikin foldar manhajar yake ajiye katunanka, in ka cire manhajar ko ka danna Clear data don neman fili katunan na iya tafiya tare da ita. Haka in waya zata je wurin mai gyara, tunda wasu da an ce tana sanƙarewa filashin ne maganinsu na farko, ka danna sinkin ka ga ya gama ko ka fitar da .colpkg daga wayar kanta ka tura wani wuri kafin ka miƙa ta. Ita ƙanwata hanya ta farko muka bi, muka ɗora a gidanmu da laftof a jone da janareta, hotunan suka ɗauki kusan awa ɗaya suna sauka a wayarta, kati 312 suka fito mata na bita a ranar saboda kwanakin da tayi bata taɓa su ba, na ce mata ta maida sababbi sifili har sai ta biya bashin, cikin kwana huɗu ta share su.